Motar Tokie Ta Hau Karikachi

Ina bayan gida ina shanya zannuwan gado wayar ta yi ƙara. Wata mata ce da ban san muryarta ba. Ta ce ita matar masunci ce daga gaɓar Erimo, wadda ƙawata Tokie ke yi wa aikin shanyar ganyen kombu. Ta ce, "Ke ce Harue-san? Lambarki na gani a rubuce jikin ƙofar motarta, ƙarƙashin ta ɗanta." Tun daga nan na gane. Ta ce sun gama shanyar safe, Tokie ta koma motarta ta dafa shayi, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon teku. Da suka je kiranta cin abinci sai suka tarar da ita jingine kamar mai gyangyaɗi, kofin yana gefenta ko zubewa bai yi ba, rai ya riga ya yi halinsa. Na ce na gode. Na ajiye wayar na koma na ƙarasa shanyar, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Kuramochi Tokie ta yi shekara saba'in da biyu a duniya. Talatin da ɗaya daga ciki mun yi su kafaɗa da kafaɗa a masana'antar taliya a nan Asahikawa, tana ɗaura ina sa wa a kwali. Gajeruwa ce, mai faɗin hannu, kuma ƙarar injuna ta koya mata magana da ƙarfi, har ko sirri za ta faɗa maka sai maƙwabta sun ji. Aljihunta ba ya rabo da alewa. Idan ranka ya ɓaci ba za ta tambaye ka dalili ba, sai dai ka ji ta cusa maka ɗaya a hannu ta wuce.

Mijinta Sadao direban babbar mota ne. Da ya kusa barin aiki sai ya sayi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, fara, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujera. Ya yi shekara biyu yana sassaƙa da ƙusa a cikinta, har ta samu gado da wurin wanke kwano da ɗan murhun gas da labule mai shuɗin fure. Duk watan Yuli su biyun sukan kulle gida su nufi gaɓar Erimo. Can masunta ke fitowa da kombu da safe, ganyen teku mai tsawon da ya fi mutum uku, a ja shi a shimfiɗa bisa tsakuwa, a kwashe kafin rana ta yi sanyi. Shekara takwas suna haka. Da Sadao ya rasu, shekara biyar da suka wuce, kowa ya ɗauka za ta sayar da motar. Ita kuwa sai ta ɗora matashi biyu a kan kujerar direba don ta hango hanya, ta tafi ita kaɗai. Takan ce a can ba wanda ke tambayar shekarunka, sai dai a duba ko ka shimfiɗa ganyen a miƙe.

A farkon Yunin bana abin ya faru. Tokie na da wani wurin wanka a can saman hanyar dutsen Tokachi, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma duk mako takan hau can saboda gwiwoyinta. Ranar tana tsakiyar hawa sai ta ga allurar da ke nuna zafin inji ta bar wurinta tana rarrafawa zuwa ja. Ta kunna abin ɗumama cikin mota har ƙarshe, kamar yadda Sadao ya koya mata, don ya janye wa inji zafi. Amma iskar da ta fito ko ɗumin kirki babu. Kafin ta kai kwana ta gaba tururi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujera. Ta tsaya, ta kashe, ta zauna a gefen hanya har aka zo aka ja motar zuwa wani babban gareji a gari.

Mutanen garejin ba su ɓata lokaci ba. Suka ce gasket, faifan da ke liƙe kan inji, ya ƙone, injin ya tsufa, kayansa ma an daina yi, gara a kai motar a yanka. Suka kuma kira ɗanta Kazuhiro a Sapporo.

Ranar Lahadi ya iso da kwalin kek da fuskar da ya shirya tun a jirgin ƙasa.

"Mama, ki duba fa. Motar nan ta girme jikokinki biyu ko an haɗa shekarunsu."

"Kai ma ta kusa girme ka a hankali. Zauna ka sha shayi."

"Na gyara miki ɗaki. Hawa na tara ne, gari duka kike gani ta taga."

"Me zan yi da gari duka? In shanya shi?"

"Ba wasa nake ba, Mama. Da a tsakiyar hawan Karikachi, kan hanyar Erimo, ta yi miki haka fa, manyan motoci na biye da ke? Ki mayar da lasisin nan, ki huta."

Tokie ta san yaron ba mugunta yake yi ba, tsoro ne. Ta kuma san idan motar ta tafi, Erimo ta tafi, sai zaman kujera a hawa na tara har ranar da za a sauko da ita. Suka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Kazuhiro ya ce ya ba ta zuwa Lahadin farko ta Yuli. Ranar zai zo ya zauna kusa da ita su hau hanyar dutsen Tokachi inda motar ta tsaya. In allura ta tsaya wurinta, ta tafi Erimo. In ta motsa, ta miƙa masa makulli da hannunta.

Ta ce, "Na yarda. Tafi da sauran kek ɗinka, ya yi zaƙi da yawa."

Washegari ta sa aka ja motar zuwa gidan tsoho Nonomura, abokin Sadao, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran lagireto kafin ya rufe shago. Na raka ta. Muka same shi zaune bisa akwatin lemo a bakin rumfa, hannuwansa biyu suna rawa bisa gwiwa.

Ya ce, "Matar Sadao, kin makara. Hannun nan sun riga ni yin ritaya. Ko tsinken cin abinci sai na lallashe su."

"Ba hannunka na zo nema ba, tsoho. Kanka fa, yana nan?"

"Wani lokaci."

"To aro nake so. Hannu ina da su."

Ya dube ta, ya dubi motar, ya ce ta ɗaga kujera.

Bai bar ta ta kwance komai ba a ranar farko. Ya ce ba a yanke wa inji hukunci sai an ji ta bakinsa. Ya sa ta zare sandar auna baƙin mai ta goga a farin ƙyalle. "Ya yi kama da shayi mai madara?" Ta ce a'a, baƙi ne wuluk. Ya sa ta cika lagireto tun inji na da sanyi, ta bar murfin a buɗe, ta tayar. "Leƙa. Kina ganin kumfa na tasowa kamar ana hura wa ruwan iska?" Ta leƙa har gilashin idonta ya yi gumi, ba kumfa. Ya aike ni bayan mota in tsuguna kusa da salansa in gaya masa ko hayaƙin fari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi a hanci. Na ce ni dai warin mota nake ji, kuma ya ishe ni.

Nonomura ya ce, "To gasket ɗinki lafiya lau. Kin kashe ta da wuri, kin cece ta. Su waɗancan shekarun motar suka duba, ba motar ba."

Tokie ta zauna a ƙasa daɓas, ta zaro alewa uku ta raba mana. Ita ba ta iya sa tata a baki ba.

Ya ce, "Kada ki yi murna tukuna. Mun san abin da ba shi ba ne, shi ke nan."

Kwana uku suka biyo baya suna bin abu ɗaya bayan ɗaya. Ta danna fanbel da babban yatsa, yana da tauri yadda ya kamata. Fanka tana juyawa. Famfon ruwa ba ya ɗiga, ba ya kuka. Ta matse kowane tiyo, ba wanda ya yi laushi. Murfin lagireto kam robarsa ta tsage, Nonomura ya ce ta nan ruwa ke sulalewa kaɗan-kaɗan, amma wannan kaɗai ba zai sa mota ta tafasa haka ba. Sai ya sa ta kwance wata 'yar ƙofar ƙarfe da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama sannan ta buɗe. Ya ce a dafa ta a gani. Tokie ta ɗora tukunyar miyarta a murhun cikin mota ta jefa ƙarfen ciki, muka kewaye tukunya mu uku muna kallo.

Na ce, "A sa gishiri?"

Nonomura ya ce, "Girkin Tokie ai ko da gishiri ɗanɗanon ƙarfe yake."

"Shekara talatin kana cin abincina a gidanmu, ban taɓa ganin ka rage ba."

"Kunyar Sadao nake ji."

Ruwa na fara tafasa ƙarfen ya buɗe bakinsa tsaf. Shi ma ba laifinsa.

A rana ta biyar jikin Tokie ya yi sanyi. Kwanaki na tafiya, kuma duk abin da aka duba sai a same shi lafiya. Nonomura yana ta kaɗa ƙafa, can ya ce, "Sake faɗa min. A hanya mai faɗi ba ta zafi, sai a hawa?"

"Sai a hawa."

"Kuma kin kunna abin ɗumama mota bai ba ki zafi ba, alhali inji na tafasa?"

"Na faɗa maka sau uku."

"Sai yanzu na ji. Tayar da ita ta ɗumama, sannan ki kashe, ki cire makulli ki ba Harue ta riƙe."

Da fanka ta tsaya cik, ya ce ta shafa fuskar lagireto da bayan hannu, a hankali, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ta kwanta a kan kwali ta miƙa hannu. Sama da zafi. Gefe da zafi. Ta matsa tsakiya, ta sake shafawa.

"Tsoho, nan sanyi ne. Kamar ba a tayar da motar ba."

"Yawwa. Ruwa ba ya bi ta nan. Rabin lagiretonki ne kawai ke aiki. Bari ya huce ki kwance tiyon ƙasa mu ga abin da zai fito."

Abin da ya zuba a roba ba kore ba ne kamar yadda ruwan inji yake. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kauri, da gutsattsarin wani abu fari-fari mai ɗan rawaya kamar ɓawon ƙwai. Nonomura ya sa aka matso masa da robar. Ya murza gutsuren a yatsa, ya kai hanci, ya sake kaiwa.

"Matar Sadao, motarki gidan wanka take zuwa?"

"Duk mako. Tare muke zuwa."

"Ba wannan nake tambaya ba. Me kike ƙara mata in ruwa ya ragu?"

Tokie ta amsa da ƙarfinta, ba ta ga abin ɓoyo ba. Sadao ya sha gaya mata kada ta kuskura ta zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, zai tsage. Tun bayan rasuwarsa ruwan motar kan ragu kaɗan duk mako. To ita kuma duk mako tana can wurin wankan, inji bai gama hucewa ba, ga ruwan zafi yana malala kyauta. Sai ta ɗebo a buta ta ƙara. In sanyi ya gabato ta zuba koren ruwan shago kamar yadda yake yi, don kada ya daskare. Shekara biyar ke nan.

Nonomura ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara rawa, wannan karon ba ta ciwo ba.

Tokie ta ce, "Me ya ba ka dariya? Ruwan da ya gyara min gwiwa ne zai ɓata ƙarfe?"

"Kin taɓa kallon bakin bututun da ruwan ke zubowa a wurin wankan? Wannan farin abin da ya daskare a jikinsa kamar dutse?"

Ta ce ta sha gani.

"Shi kika yi shekara biyar kina ginawa a cikin motarki, buta-buta."

Na taɓa ganin Tokie cikin baƙin ciki, amma ban taɓa ganin ta cikin kunya irin ta ranar ba. Ta tsaya da sifana a hannu tana kallon robar. Can ta ce a hankali, abin da ba halinta ba, "Ashe ni ce ke kashe ta. Ina ganin maganarsa nake bi."

Nonomura ya daina dariya. "Maganarsa kika bi. Shi ne bai ƙarasa ba, ya ɗauka yana nan. Injin da aka yi wa haka shekara biyar bai mutu ba, ai ba ƙaramin inji ba ne. Kwance lagireton."

Aka kai lagireton wani shago a bayan tashar kaya aka sauya masa ciki. Tokie ta wanke hanyoyin ruwan inji sau huɗu da tiyon lambu, har abin da ke fitowa ya zama garau. Ta wanke na abin ɗumama mota shi ma, ta sa sabon murfi, ta cika da koren ruwa tsantsa yadda tsohon ya auna mata. Ta fasa farce biyu, ta kuma koyi zagi iri uku da ban san ta da su ba.

Saura kwana biyu Lahadi, Nonomura ya ce, "In yaron ya tambaya, ki ce tsufa ne ya toshe lagireto. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

Ni ma na goyi bayansa. Na ce in Kazuhiro ya ji labarin buta, zai ce ga irin abin da yake faɗa, kai ya fara tsufa. Tokie ta ci gaba da goge hannunta da tsumma.

Ranar Lahadi muka hau. Tokie a sitiyari bisa matasanta biyu, Kazuhiro a gefenta ya kafa wa allura ido kamar zai cinye ta, ni a baya riƙe da tukunya don kada ta faɗo. Gari ya yi zafi ranar. Ta sa giya ta biyu, motar ta yi ta gurnani tana hawa. Muka wuce kwanar da ta tsaya a watan jiya. Allura tana tsakiya. Muka wuce gada, muka wuce inda bishiyoyi ke ƙarewa, har muka shiga filin ajiye motoci na sama. Allura ba ta motsa ba.

Kazuhiro ya sauke numfashi. Ya ce, "To. Me ya same ta, ashe?"

Na yi tari daga baya. Tokie ba ta ko waiwayo ba. Ta kashe mota ta gaya masa duka, da murfin da ya tsage, da butar, da shekara biyar ɗin, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ƙare da cewa, "Wautar tawa ce, ba ta mota ba. Ni na yi, kuma da hannun nan na gano. Alkawarinmu a kan allura ne, amma in ka ga wannan ya canja magana, faɗa min yanzu ina ji."

Kazuhiro ya juyo ya dube ta. Sai ya ce, "Kada a zuba ruwan sanyi a inji mai zafi. Ni ma ya faɗa min. Ranar da na sayi motata ta farko, sau uku ya faɗa." Ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, ya fi minti yana goge gilashin da ba datti. "Ke kika kwance lagireton da kanki?"

"Da wa? Nonomura ko cokali ba ya iya riƙewa."

"Mama, ni ko inda yake ban sani ba."

"A kansa kake zaune, sakarai."

Ya yi dariya har da share ido. Da muka sauko gari ya tsaya a wani shago ya sayo mata jarka biyu na koren ruwa, ya ɗaure su da kansa a ƙarƙashin gado. Ya ce butar kuwa shi zai tafi da ita Sapporo. Ta ce ya tafi da ita, dama tana yoyo.

Ta tashi ranar Alhamis da safe. Mako bakwai ta yi a Erimo, kuma matar masuncin ta ce ba ta fasa fita ko rana ɗaya ba. Tokie ba mai son waya ba ce, in tana can sai dai kati, bana ma guda ɗaya na samu mai hoton jirgin ruwa. Amma a ranar tafiyar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta kira ni. Ina jin iska na kaɗawa da ƙarar manyan motoci a bayanta.

"Haru-chan! Kina ji na?"

"Duk unguwa na jin ki. Ina kike?"

"Saman Karikachi! Na wuce wata babbar mota a hawa, direban har ya leƙo yana kallona."

"Ke dai ki bi a hankali. Allurar fa?"

"Tana tsakiya, kamar an manna ta. Ki gaya wa tsohon nan. Kada ki yabe shi da yawa, kansa zai kumbura."

"Kin ci wani abu?"

"Ga gasasshiyar masara a hannuna. Daga nan ana ganin gonakin Tokachi har iyakar ido, komai kore shar. Baɗi tare za mu zo, gadon ya ishe mu mu biyu."

"Da wannan minsharin naki?"

"Sai ki toshe kunne. To, bari in gangara, masarata na hucewa."

"Sauka lafiya, Tokie."